Ban Fasa Ƙwallon Aradu Ba

Wannan ƙazafi ya fara ne ranar Asabar, tara ga watan Maris na bara, a filin makarantar firamaren da ke bayan gidana. Ina zaune a tsakar gida ina ɗaure ƙafar tabarauna da zare, matata tana shanya, sai lasifika ta ɗauko muryar shugaban ƙaramar hukumarmu ta tsallako da ita katanga ta dire mana.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne ake kira Aradu. Tsohon ɗan ƙwallo ne. Ya buga wa manyan ƙungiyoyi, har ƙasar waje an kai shi, ya dawo da mota da ciwon gwiwa. Da ƙafa ta ƙi, sai ya faɗa siyasa. Ya yi kansila, ya zama ciyaman, a lokacin da nake ba da labari kuma ya ɗaga ido yana hangen kujerar majalisar jiha. Amma kafin duk wannan, ɗalibina ne. Ni na koya masa riƙe fensir. Ban ce na yi nasara ba, na ce dai na koya masa.

"Jama'a!" in ji lasifika. "Ni da kuke gani, daga ƙasa na taso! A wannan filin, ina yaro, ƙwallo ɗaya tak na mallaka a duniya. Wani malami ya ƙwace ta, ya zaro wuƙa, ya soke ta a gaban idona, fuuus! Ya ce da ni, 'Kai ba za ka zama komai ba!' To ga ni yau!"

Fili ya ɗauki salati. Matata ta tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu.

"Kai, wannan malami ba shi da imani," ta ce. "Wane ne shi, Malam? Ai ka san shi, tunda tare kuka yi aiki."

Kafin in buɗe baki lasifika ta ba ta amsa: "Ga gidansa can, mai koriyar ƙofa! Amma kada wanda ya taɓa shi, na bar shi da Allah!"

Gidanmu ne kaɗai mai koriyar ƙofa a duk layin.

Yanzu ga abin da ya faru da gaske, kuma ina so a karanta shi a tsanake. Ƙwallon ba tasa ba ce, ta makaranta ce, ni na yi ta zarya ofishin ilimi har aka ba mu ita. Ban taɓa shiga makaranta da wuƙa ba, ko fensir da reza nake fiƙewa. Wanda ya fasa ta shi ne Aradu. Na ba shi famfo ya ƙara mata iska kaɗan, ya ce shi zai mayar da ita kamar dutse, yadda in ya buga gola zai gudu ya bar raga. Na ce ya isa. Ya ce saura kaɗan. Na ce ya isa. Ya ce, "Malam, kai ba ka san ƙwallo ba." Ta fashe a tsakanin gwiwoyinsa, ya yi zaman daɓaro a ƙasa yana sosa kunne. Abin da na faɗa masa a ranar kuwa shi ne, in bai koyi jin "ya isa" ba, zai sha wahala a rayuwa. Har gobe ban janye wannan magana ba.

Kafin mako ya zagayo, sunan da mahaifina ya raɗa mini ya ɓace a unguwa. Na koma Malam Fasa-Ƙwallo. In na ɓullo kan layi, yara sai su sure ƙwallonsu su cusa ta a riga, su jingina da bango suna gaishe ni da ciki a gaba kamar masu juna biyu. Mai kankanar bakin titi, wanda na koyar da 'ya'yansa duka, da ya hango ni sai ya ja buhu ya lulluɓe kayansa.

"Me kake rufewa?" na tambaye shi.

"Rana ce, Malam."

"A inuwa kake."

"To ai abin ne duk zagayayye, Malam. Kar a samu kuskure."

Matata ta dawo daga kasuwa ranta a ɓace, wai mahauci ya tambaye ta ko Malam na bukatar a wasa masa. Wanda ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne na makaranta. Tun da na yi ritaya, ni nake miƙa kofi a ranar wasannin yara. Kujerata daban ce, a gaba, ƙarƙashin bishiya. Sai ga hedimasta, yaron da ni na horar da shi aiki, ya zo yana murza hannu, wai bana iyaye sun nuna damuwa, ko zan huta tukuna har ƙura ta lafa.

Na saka rigata ta zuwa taro na nufi sakatariyar ƙaramar hukuma.

Ban taɓa shiga ofishin nan ba tun hawan Aradu, saboda haka sai da na fita na sake duba allon ƙofa. Ma'aikata duk da jesi a kan rigunansu, kowa da lamba a baya. Sakatare na yawo da usur a wuya. Ma'aji suna kiransa Gola, wai don ba abin da ke wuce shi. In ana zaman majalisa, da an kai rabi sai a busa usur, kansiloli su tashi su yi musayar ɓangaren tebur, har an taɓa samun wanda ya kawo ƙuduri kafin hutu ya dawo ya soke shi bayan hutu, don ya ga yanzu a ɗaya ɓangaren yake zaune.

A baranda kuma na tarar da wani bawan Allah cikin babbar riga yana miƙe ƙafa a jikin bango. Mataimakin ciyaman ne. Tun ranar rantsuwa Aradu ya ajiye masa benci a wajen, ya ce ya riƙa ɗumama jiki, in an bukace shi za a kira shi. Ba a taɓa kira ba. Har sunansa ya koma Benci.

"Malam!" Ina shiga ofishinsa Aradu ya taso da hannu a buɗe, tumbinsa ya riga shi isowa. "Malamina na kaina! Ku tashi ku gaida shi, wannan shi ne mai wuƙar!"

"Babu wuƙa," na ce.

"Zauna, Malam, zauna. A kawo wa Malam ruwa. A ɗauke wannan almakashin daga tebur."

"Na ce babu wuƙa. Famfo ne, kuma a hannunka yake."

Ya sallami mutane, ya rage murya. "Malam, ka ɗauka na manta ne? Har yau kunnen nan nawa na hagu bai dawo daidai ba. Amma na gwada labarin da famfo a wani ƙauye, ba wanda ya tafa sai direbana. Wa zai zaɓi mutumin da ya fasa ƙwallonsa da kansa? Wuƙar nan ita ke kawo ƙuri'a."

"Sunana fa?"

"Malam, ba a wasa sai da abokin karawa. Ni ne ƙungiyar gida, kai ne ƙungiyar baƙi. In aka tashi sai mu gaisa."

"Ban shiga wasanka ba!"

"Ai ka shiga, ga ka a fili."

Na ɗaga murya, ban musa ba. Na ce masa maƙaryaci ne, kuma tun yana aji uku haka yake. Sai ya laluba aljihu ya zaro wani kati ruwan ɗorawa ya ɗaga shi sama da kaina. Ni! Sakatare ya leƙo ya busa usur. Da na fito, Benci ya dakata da tsalle ya ce, "Sannu, Malam. Ni ma na sha irinsa."

Daga nan labari ya yi ta girma. Maƙwabcina tela, wanda ba ya rasa taron siyasa saboda shi ke ɗinka musu tutoci, shi yake kawo mini rahoto.

"Malam, jiya a ƙauyen gabas wuƙar ta zama adda."

"Adda!"

"Yau kuma an ce ka bi shi da ita har gida. Mata sun yi kuka sosai. Ni kaina, Malam, da ban san ka ba..."

"Ka san ni!"

"Na san ka mana. Shi ya sa na ce addar dai ta yi yawa."

Ana cikin haka, wata ranar Laraba da hantsi, sai ga jerin motoci a ƙofar gidana. Aradu ya shigo har tsakar gida, ya durƙusa wa matata yana "Mama, Mama," gwiwarsa ta yi ƙara, sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

Ya ce ya zo da babban shiri. Jagoran jam'iyya na jiha, wanda a hannunsa tikitin majalisa yake, zai zo garinmu ya ga irin jama'ar da Aradu ke da ita kafin ya yanke hukunci. Sauran masu nema za su yi jawabi ne kawai. Shi kuwa zai yi abin da ba a taɓa yi ba a siyasar jihar nan. Ya sa masa suna Ranar Yafiya.

"A filin nan da abin ya faru," ya ce, yana zana shi a iska da hannu. "Ni da jesina ta da, mai lamba tara. Kai a raga, da safar gola. Fenariti ɗaya. In buga dama, ka faɗi hagu, raga ta girgiza, gari ya ɗauka. Sai in zo in ɗaga ka, in rungume ka, in yafe maka a gaban duniya. Jagora zai yi hawaye. Tikiti ya zo hannu."

"Ka yafe mini me?"

"Wuƙar mana."

"Fita daga gidana."

Matata ce ta ja ni gefe. "Malam, na gaji. Ko allura na je saya sai an kalli juna. Ka ce masa za ka tsaya, in shi ma zai faɗi gaskiya."

Na koma na gindaya masa sharaɗi: da zarar ya ci ƙwallonsa, zai karɓi makirufo ya gaya wa jama'a maganar famfo, da bakinsa. Ya lissafa cewa a lokacin tikiti ya riga ya shiga aljihu, sai ya ce ya yarda, tela ne shaida.

"Abu ɗaya kuma," na ce. "Zan tsaya, amma ba zan faɗi ba. Faɗuwar ƙarya ƙarya ce. Ga kuma ƙuguna."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, ko ka tsaya ko ka kwanta, ba ganin ta za ka yi ba. Ni ne fa Aradu! Akwai golan da ya bar sana'a saboda ni, yanzu kifi yake sayarwa."

Washegari ya fara atisaye a filin bayan gidana. Ragar tana gabas, gidana yana kudu, amma duk ƙwallon da ya buga a tsakar gidana take sauka. Ta farko ta kifar da bokitin wanki. Wata ta shiga kicin ta fito da murfin tukunya. Wata ta sami zakaranmu yana tsakiyar cara, har yau bai ƙarasa ba. Kowace ɗaya na ɗauke ta da hannu biyu, na kira tela ya duba lafiyarta, sannan na miƙa ta ta kan katanga. Ba zan bari a ce an ga wani abu ba.

Shi ma tela yana cikin tasa wahalar. An kawo masa jesin da Aradu ya saka yana saurayi, an ce ya gyara ta ba tare da an gane an gyara ba.

"Malam, rigar nan ta rantse ba ta san shi ba," ya ce. "Na ƙara ƙyalle a haƙarƙari, na ƙara a hammata. Na ce masa kada ya yi dogon numfashi, kada ya ɗaga hannu, in da hali kada ya yi murna."

Ranar ta zo. Fili ya cika har kan katangata. An kafa rumfuna, an jera kujeru, Jagora ya zauna a tsakiya, dattijo mai ƙaramin jiki da ba ya dariya, gabansa tebur cike da lemo da ruwan roba. A gefe an ajiye sabuwar motar ɗaukar marasa lafiya da Aradu ya sayo wa ƙaramar hukuma, da jan ƙyalle ɗaure a goshinta, don Jagora ya ga aiki. Benci yana ta sassarfa a bakin layi cikin babbar rigarsa, kamar kullum, ba wanda ya kula shi.

Aka zura mini safar gola, kowace kamar faranti. Da na taka zuwa raga, wani ɓangare na fili ya yi mini ihu. Na tsaya a tsakiya, ƙafa a haɗe, kamar yadda nake tsayawa a taron safe na makaranta.

Aradu ya fito ana kiɗa, ciki a ɗaure, hannaye a manne da jiki saboda gargaɗin tela. Sakatare, wanda shi ne alƙalin wasa, ya miƙa masa sabuwar ƙwallo. Ya matsa ta da yatsa, ya yamutsa fuska, ya jawo makirufo.

"Wannan ai tumatir ne! Ni Aradu ba na buga tumatir. A kawo famfo!"

Aka kawo famfo. Ya matse ƙwallon a tsakanin gwiwoyinsa ya fara bugawa, jama'a na ƙirga masa da tafi. Na ga ɗinkin ƙwallon ya fara buɗe haƙora.

"Ya isa," na ce daga raga.

"Saura kaɗan!"

"Na ce ya isa!"

"Kun ji shi ko?" ya ce a makirufo. "Har yau bai daina ba! Malam, kai ba ka san ƙwallo ba!"

Fili ya yi mini caa. Wata mata ta ce in ji tsoron Allah in bar yaro ya yi wasansa. Yaron da furfura ta fara fito masa a gemu.

Usur ya tashi. Aradu ya taho da gudu, ya narka mata ƙafa. Ƙwallon ta yi sama, ta bar raga da nisa, ta sami lasifikar da ke kan sanda ta juya mata fuska, sai ga muryar mai gabatarwa tana yi wa gonar bayan makaranta bayani. Sakatare ya kalli ubangidansa, ya busa usur.

"A sake! Gola ya motsa!"

"Ban motsa ba!"

"Ka ƙifta ido, Malam."

Bugu na biyu. Ya ja da baya, ya tofa yawu a hannu, ya taho. Wani baƙin abu ya wuce ta gefen kunnena, fiuu, raga ta girgiza.

"Ta shigaaa!" in ji mai gabatarwa. Makaɗa suka saki ganga, matasa suka ɓarke cikin fili, wasu har sun fara ƙoƙarin ɗaga Aradu suka ji nauyi suka fasa. Ni kuwa na juya na ɗauko abin da ya shiga ragar, na ɗaga shi sama don kowa ya gani. Takalminsa ne na dama. Ƙwallon tana nan inda aka ajiye ta, ko gezau.

Jagora ya duba agogo.

Aradu ya ga wannan dubawar. Ya karɓi takalminsa bai ce na gode ba, ya ɗaure shi tamau, ya yi ta ja da baya har sai da ya jingina da motar marasa lafiya. Daga can ya taso. Kafin ya kai rabi numfashinsa ya fara fita kamar na injin niƙa, amma ya iso, ya rufe ido, ya zuba mata duk abin da ya rage masa a duniya.

Ba dama ta yi ba, ba hagu ba. Kaina ta nufo.

Ina so a rubuta wannan da kyau: ban kama ta ba, ban tare ta ba, ban yi niyyar komai ba. Hannu kawai na ɗaga don in kare tabarauna, wanda da ma da zare yake tsaye.

Ƙarar da ta biyo baya, tsuntsayen bishiyar makaranta duka sai da suka tashi. Da na buɗe ido, ga fatar ƙwallo a rataye a yatsun safata, kamar ɓawon ayaba.

Sai wata murya daga baya ta ce, "Ya sake!"

"Wallahi ya sake!"

"A gaban Jagora!"

"A laluba aljihunsa!"

Ina ɗaga fatar ina cewa famfo ne, kowa ya ga famfon da idonsa, amma wa zai ji ni? Shi kuwa Aradu ya kalli fatar, ya kalli Jagora, ya ga babu ci, babu runguma, babu hawaye. Sai jikinsa ya tuna masa abin da ya saba yi a zamanin wasansa in al'amari ya ɓaci a gaban raga. Tsakanina da shi akwai tazarar da mota za ta iya wucewa, ko inuwata ba ta kai gare shi ba, amma sai ya ƙwalla ƙara, ya yi sama, ya faɗo, ya kama idon sawu ya fara birgima.

Na ga yara suna birgima a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Yana juyawa yana leƙen alƙali da ido ɗaya. Sakatare ya rikice, ya rugo ya ɗaga mini jan kati. Aradu ya ga abin na karɓuwa, ya ƙara mai. Ya mirgina ya bar gaban raga, ya tsallake layi, ya shiga rumfar manya, ya daki ƙafar tebur. Lemo da ruwa suka yi wa Jagora wanka daga gwiwa zuwa ƙasa.

Jagora ya dube shi a kwance a gabansa. "Wace ƙafar ce? Ɗazu hagu ka riƙe."

"Duka biyun ne, ranka ya daɗe! Ciwon yawo yake!"

Aka yi kiran motar marasa lafiya. Direba ya murza makulli, ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Ashe tun da aka kawo ta ba a taɓa tayar da ita ba, ana jiran ranar buɗewa. Matasa suka tura ta, ta gangara ta faɗa kwata ta zauna. A ƙarshe mai kankana ne ya juye kayansa daga baronsa, bayan ya waiwaya ya tabbatar ina nesa, aka ɗora ciyaman a baro, ƙafafu na reto.

Jagora ya sa aka tsayar da baron a gabansa, yana matse bakin rigarsa.

"Ciwon mai tsanani ne?"

Aradu ya ɗauka hawayen da ya shirya ne suka iso. Ya lumshe ido, ya jawo makirufo kusa da bakinsa. "Ranka ya daɗe, na san jikina. Irin wannan, wata shida ba na taka ƙasa. Amma saboda talakawa, na yafe masa."

"Wata shida," in ji Jagora. "Zaɓe kuwa saura wata biyu. To kai ne masanin ƙwallo. In ɗan wasa ya ji ciwo ana tsakiyar wasa, me ake yi?"

Ba Aradu ne ya amsa ba. Fili ne gaba ɗaya ya amsa: "Canji!"

Kafin a rufe baki, Benci ya tuɓe babbar riga. Ashe da jesi a ƙasa, da gajeren wando, da takalmin ƙwallo. Tun ranar rantsuwa a shirye yake. Ya shigo da sassarfa yana taɓa ƙasa yana shafa fuska, jikinsa a ɗumame fiye da na kowa a jihar. Jagora ya kama hannunsa ya ɗaga sama, ya ce ga ɗan takara, ya nufi motarsa.

Wanda ya ce wata shida ba zai taka ƙasa ba ya diro daga baro da ƙafa biyu.

"Ranka ya daɗe! Na warke! Wallahi na warke!"

Ya bi motar da gudun da bai yi ba ko a bugu na uku, hannaye a sama, abin da tela ya hana. Jesi ta yage daga wuya har ƙugu, lamba tara ta rabu biyu tana kaɗawa a bayansa. Tela ya dafe kai ya ce, "Na gaya masa." Motar ba ta tsaya ba.

Mai karatu zai ce to ai gaskiya ta fito. Ba ta fito ba. Mutum dubu sun ga famfo, amma abin da suka tafi da shi gida shi ne ƙarar. Yanzu a gari ƙwallo biyu na fasa, na kuma karya ciyaman daga nesa, wasu sun ce da ido. Benci ya ci zaɓe, ya aiko mini da gaisuwa a rediyo yana kirana golan jam'iyya, sai aka ƙara da cewa da ma haɗa baki muka yi. Ranar wasannin yara ta zo ta wuce, ina jin tafi ta kan katanga, wani ne a kujerata. Mai kankana yanzu ba rufewa yake yi ba, tura baronsa yake ya canza layi.

Na sami Aradu a shagon mai aski na tuna masa alkawari. Ya ce alkawarin in ya ci ne, kuma bai ci ba. Tela ya ce a gaskiya haka aka yi. Sannan Aradu ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ka yi haƙuri zuwa zaɓe mai zuwa. Labarin yanzu ya fi na da daɗi. Sau biyu fa!"

To ba zan yi haƙuri ba. Na yi shekaru sama da talatin ina koya wa 'ya'yan garin nan cewa in ka ɓata abu ka ce kai ne, ba zan mutu da sunan Fasa-Ƙwallo ba.

Ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. Aradu ya dawo filin nan, da rana tsaka, ranar da makaranta ke cike. A ɗaura lasifikar nan, a juyo da fuskarta wajen gidana don matata ta ji daga inda take shanya. Hedimasta ya fito da kujerata ya ajiye ta ƙarƙashin bishiya. Mai kankana ya zo da kayansa a buɗe. A kawo famfon a ajiye a kan tebur inda kowa zai gan shi, amma kada a bar shi ya taɓa. Sannan ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu, waɗanda duk gari ya shaida lafiyarsu, ya ce babu wuƙa, babu adda, shi ya fasa ta farko, shi ya fasa ta biyu, kuma yana ba ni haƙuri.

Ya faɗa, ya sake faɗa, ya yi ta faɗa har sai na ce ya isa. Kuma ina sanar da shi tun yanzu, wannan karon ni ne zan ce saura kaɗan.